Tashar da Ba Ni Na Biya Ba

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yammacin Alhamis, ana wani siririn yayyafi mai sanyi, irin wanda ba ya jiƙa riga sosai amma yana shiga ƙashi. Ranar ce mutanen ƙasar nan suke hutun cin talotalo, titi ba kowa, don haka tun azahar na ɗaure jakunkunan da nake sayarwa a Canal Street, na hau feri, jirgin ruwan fito, na tsallako, na kama bas zuwa Park Hill. Ina tsaye bakin lif ina kakkaɓe hulata sai wayata ta yi ƙara.

Firdaoussi ce. Saƙon murya ta turo, don ta san in rubutu ya yi tsawo ina daɗewa a kansa.

"Shitu, in ka dawo don Allah ka leƙo mana. Akwatin kebul ɗin nan ya sake mutuwa, tun safe Baba bango yake kallo. Ni ina wurin aiki sai bakwai."

Sau uku na saurara. Ba don ban gane ba.

'Yan uwa masu karatu, bari in tsaya in gaya muku su wane ne mu, don abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne, gara ku san mai faɗarsa. Sunana Shitu, ɗan Fagge ne ni, shekarata shida a New York. Ina hawa na uku tare da wani ɗan Kumasi, Kwabena, mai kai saƙon abinci a keke. Su Firdaoussi suna hawa na biyar, mutanen Tawa ne ta ƙasar Nijar. Ita tana aiki a wani kantin magani, tana kuma karatun jinya. Mahaifinta, Baba Harouna, ɗan kokawa ne a zamaninsa, a nan kuma ya yi shekara ashirin yana tuƙa tasi, har shanyewar ɓarin jiki ta kama shi shekara biyu da suka wuce. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana kuma sai ɗaya-ɗaya, kamar ana ɗebo ta daga rijiya.

Shekara ɗaya da rabi ina son yarinyar nan. Sau ɗaya tak na iya furtawa, a saman feri, iska na kwashe rabin maganar. Ta gyara mayafinta, ta ce, "Na ji. Amma Baba za ka gaya wa, ba ni ba."

Ban gaya masa ba. Kullum in na shiga sai in tsaya a gyaran waya da canza ƙwan fitila. A tsakanin nan ne Haisam ya bayyana, shi ma ɗan Kano, amma na wata Kanon daban: digiri biyu, aikin asibiti, mota mai ɗumama kujera. Inna Iyatu, mahaifiyarta, in ta ambaci sunansa har muryarta laushi take yi.

To, na hau sama a ranar.

Gidan yana ƙamshin turaren wuta da zogale. Baba Harouna na kan kujerarsa ta kullum, bargo a gwiwa, farar hula ta ɗan karkace. A bangon da yake kallo akwai hotonsa na dā, ƙirji a buɗe, layu a damtse, ya ɗan duƙa kamar zai kama mai ɗaukar hoton. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗaga min yatsu biyu na hagu.

Na zare wayar akwatin daga bango, na ƙirga talatin a zuciyata, na mayar. Fitilun suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki rimot ɗin da na kawo masa wata uku baya, mai manyan maɓallai, wanda na ɗiga wa jan farce a kan maɓalli uku don ya riƙa ganewa. Ina neman tashar labarai da ya saba, yatsana ya zarce can saman lambobi, inda kullum shuɗin allo ne da rubutun Turanci yana ce maka ba ka biya ba.

Sai na ji ƙararrawa. Ƙarrr!

Wasu ƙatti biyu a cikin fagen da aka kewaye da igiyoyi, fitilu a kansu, jama'a na ihu. Tashar dambe ce, wadda ba ta nuna komai dare da rana sai dambe da kokawa, tsofaffi da sababbi. Zan wuce ke nan na ji hannu a kafaɗata.

"Bar... nan."

Na bari. Ba a yi minti biyu ba ɗaya daga cikin ƙattin ya kai naushi ya zame, ya faɗi zaune daɓas. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba Harouna, na ɗauka tari ne har na miƙa hannu ga kofin ruwa. Ashe dariya ce.

"Ba shi... da... ƙahwa!" Ya nuna allon. "Ƙato... banza!"

Inna Iyatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu, miya na ɗiga a kan kafet ba ta sani ba. Ta kalli mijinta, ta kalli talabijin, ta sake kallon mijinta. Shekara biyu ba ta ji wannan dariyar ba.

"Wagga tasha ai ta kuɗi ta," ta ce a hankali. "Haisam ya ce muna sai an biya daban. Shitu, kai ka biya muna?"

Ga wurin da nake so ku tsaya tare da ni. A kusurwar allon akwai wani ɗan rubutu yana wucewa. Turancina bai kai ya kawo ba, amma duk wanda ya yi talla a Canal Street ya san kalmar da ke nufin kyauta, ya kuma san sunan ranar Litinin. Na gani. Na gane sarai: kamfanin ne ya buɗe tashoshin kuɗi kyauta saboda hutu, don mutane su ɗanɗana su kamu, ran Litinin a rufe. Ba zan ce muku ban sani ba.

Na buɗe baki. Sai na ga idon Inna ya cika da ruwa, kuma a karon farko tunda na san ta, ni take kallo da irin kallon da take yi wa Haisam.

Na sunkuyar da kai.

Ban ce e ba. Amma ku da kanku kun san abin da sunkuyar da kai yake nufi in saurayi ya yi shi a gaban uwar yarinya. Inna ta rufe baki da gefen zanenta, ta yi wata 'yar guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Baba Harouna ya lalubo wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya matse. Har yanzu da ƙarfi a hannun nan.

"Ɗana," ya ce.

Kalma ɗaya, ba ta tsinke masa ba ko kaɗan.

Washegari Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da Kwabena zaune a ƙasa ya buɗe wata babbar kula, dambun shinkafa da zogale, an jera soyayyen kifi a sama.

"Daga sama aka kawo," ya ce da cikakken baki, da irin Hausarsu ta Zango. "Tsohuwan ya ce a ba surukinshi. Chale, wane suruki? Yaushe aka yi, ban ji ba?"

Na zauna na gaya masa komai. Ya ajiye cokali, ya kalle ni, ya fashe da dariya har ya ƙware.

"Kai Shitu! Kyautan kamfani ka ɗauka ka yi toshi da shi? Tallan yana jikin kowane bas! Sa'anka ɗaya, gidan nan kowa ya yanke kebul, waya suke kallo, da tuni wani ya tona ka."

"Ban ce ni na biya ba."

"Ka ce ba kai ba ne?"

Na kalli kular.

"To ci kifi," ya ce, ya turo min kular. "Ci da kyau. Litinin yana zuwa da ƙafanshi."

Abin da ban sani ba sai daga baya, tun daren jiya Inna ta fara tura saƙonnin murya. Ta tura wa ƙanwarta a Tawa, ta tura wa yayanta a Yamai, ta tura wa matan ƙungiyarsu na Harlem. A wurinta wannan ba tasha ba ce. Gaisuwar uba ce. Yaro ya duba abin da tsoho yake so, ya kawo masa ba tare da ya yi surutu ba, to ya buɗe maganar aure ke nan ta hanyar da ta dace. Har cewa ta yi wai mai mota ya zo sau goma da kwandon lemo, bai taɓa lura tsohon ɗan kokawa ne ba.

Da la'asar saƙon Firdaoussi ya shigo. Wannan karon rubutu ne, gajere.

"Na ji an ce ka yi wa Baba kyauta."

Na daɗe ina kallon wayar. Na rubuta: "Ya ji daɗi?"

"Sosai. Yau da kansa ya ci abinci."

"Alhamdu lillahi."

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Shitu, akwai abin da kake so ka gaya min?"

Wallahi na rubuta. Na rubuta "ba ni ba ne", harafi bayan harafi. Sai na tuna hannun nan a wuyan hannuna. Na goge. Na tura mata: "Allah ya ƙara masa lafiya."

"Amin," ta ce.

Ran Asabar na yi wata dabara da na ɗauka za ta fisshe ni. Na ce in dai na biya da gaske kafin Litinin, ai ƙaryar ta zama gaskiya, ba wanda zai sani. Na bar wa maƙwabcina a kasuwa tebur, na shiga wani lungu inda ƙarar motoci ta yi sauƙi, na kira kamfanin. Na danna ɗaya, na danna huɗu, aka sa min kiɗa kusan rabin awa, hannuna ya ƙandare da sanyi. Daga ƙarshe wata mata ta ɗauka, mai kirki, ta yi ta maimaita min magana a hankali. Na ba ta adireshi. Ta tambayi sunan mai layin. Na ce Firdaoussi Harouna. Ta ce ni ne? Na ce a'a. Ta nemi lambar sirri. Ba ni da ita. Ta ce ta yi haƙuri, ba a ƙara tasha sai mai sunan ta kira da bakinta.

Na tsaya a lungun nan da waya a kunne bayan ta kashe. Duk hanyar da na bi, ta gaban Firdaoussi take bi. Kuma in na je gabanta, sai na faɗi abin da na goge.

Ran Lahadi bayan azahar Inna ta aiko in hau. Na saka shaddata ruwan toka, wadda nake ajiye wa Sallah, na ɗora jaket a kai. An ja min kujera kusa da ta Baba, abin da ba a taɓa yi ba. Dā a kan kafet nake zama kusa da wayoyi. Ana nuna kokawa. Baba ya yi ta nuna min da hannu ɗaya: nan ake kamawa, nan ake saka ƙafa, wancan yaron ya ba da ƙugunsa da wuri. Maganarsa ta fi ta kullum yawa, har Inna ta riƙa leƙowa tana ƙirga kalmomin da leɓenta.

Can ya juyo, ya ɗan ja numfashi.

"Bayan... hutu. Turo... manyanka."

Abin da na yi shekara ɗaya da rabi ina roƙon Allah in ji. Ya zo, kuma ban iya ko murmushi ba.

Firdaoussi ta shigo da tire, doguwar riga ruwan zuma, mayafi baƙi, ba kwalli a idonta. Ta ajiye min shayi ba ta kalle ni ba. A lokacin aka ƙwanƙwasa ƙofa. Haisam ne, da kwandon lemo da tuffa, da doguwar kwat mai kyau. Ya gaida kowa, ya ba ni hannu. Ya zauna a inda na saba zama, ya kalli allon.

"A'a, an samu tashar dambe ke nan."

"Shitu ya biya ma Malam," Inna ta ce, ta ɗaga haɓa.

Na ga idonsa ya tafi kusurwar allon, ya bi ɗan rubutun nan har ya wuce. Ya juyo ya kalle ni. Na jira. Na ma fara jin wani sauƙi, na ce to shi ke nan, bari ya faɗa a huta.

"Ma sha Allah," ya ce. Ya ɗauki shayinsa.

Bai daɗe ba ya yi sallama. Na raka shi bakin lif, don haka ake yi. Yana danna maɓalli ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam Shitu, gobe da safe za su rufe. Na ce ko ba ka lura ba."

"Na lura."

"To." Lif ya buɗe. "Tsohon nan jininsa ba ya son tashin hankali. Shi ke nan abin da zan ce."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da zan tafi Firdaoussi ta biyo ni da kular da muka mayar, wai in riƙe mata ƙofa. Ta tsaya a bakin ƙofar, muryarta ƙasa.

"Gobe Litinin, Shitu."

"Na sani."

Ta jira. Daga ciki ƙararrawa ta buga, Baba ya yi wata dariyar. Na kalli takalmina.

"Sai da safe," ta ce, ta rufe.

Ran Litinin na gudu. Ba wata kalma da ta dace sai wannan. Ferin farko na bi, na kashe waya, na yini ina kiran masu wucewa su zo su ga jaka, ban san me nake cewa ba. Da na dawo wajen biyar, na tarar da wata leda babba a kan katifata. Kwabena na zaune, yau ba dariya.

Na zazzage. Jakar hannu da na ba Inna da ƙaramar Sallah. Gyale mai ruwan ganye da na ba Firdaoussi. Doguwar wayar wuta. Tocila. Da rimot mai manyan maɓallai, da ɗigon jan farcensa uku.

"Da kanshi ya sauko," Kwabena ya ce, yana nufin Inna. "Ya ce in gaya maka sun gane. Wanda ya janye gaisuwanshi ya janye magananshi, su ba su riƙe kayan kowa."

"Janyewa?"

"Me kake so su ɗauka? Jiya tsoho ya ce ka turo manya, yau da safe ka yanke tasha, ka kashe waya." Ya shafa kansa. "Ya ce tun safe tsohon yana danna abin, shuɗi, ya danna, shuɗi. Bai ci komai ba. Tambaya ɗaya yake yi."

"Wace?"

"Wai, mi munka yi mishi?"

Na zauna a gefen katifa da rimot ɗin a hannu. Ni duk tsorona kada su gane ban biya ba. Ban taɓa kawowa a raina za su ɗauka na biya ne sannan na ƙwace ba. Tsoho mai hannu ɗaya yana zaune yana binciken kansa, yana neman laifin da ya yi min.

Ran Talata da sassafe na tsaya a tashar bas inda na san take hawa. Sanyi ya fi na jiya, hayaƙi na fita daga bakin kowa. Ta zo da kayan aikinta shuɗi a ƙarƙashin jaket, jaka a kafaɗa. Da ta gan ni ba ta yi mamaki ba.

"Firdaoussi, tashar nan..."

"Kyauta ce. Na sani." Ta gyara igiyar jakarta. "Takardar ta zo tun sati biyu. Ni na manna ta a jikin firij. Tana nan har yanzu, ƙarƙashin maganaɗisu mai kamar ayaba. Kullum kana wuce ta."

Na rasa inda zan sa idona.

"Me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Don ba ni na sunkuyar da kai ba." Muryarta ba ta tashi ba, shi ya fi ciwo. "Kwana huɗu na ba ka, Shitu. Na tambaye ka a waya. Na tambaye ka a bakin ƙofa. Seriously, me kake so in yi, in rubuta maka amsar in ba ka ka karanta?"

"Na kira su. Na so in biya. Suka ce sai ke."

"Ka ga, ko su sun gaya maka ka zo wurina." Ta juya tana duban hanyar bas, idonta ya yi ja, ban sani ba ko iska ce. "Ni ban taɓa neman tasha a wurinka ba. Ban nemi digiri ba. Na ce wa Inna mutumin nan ba shi da komai amma ba ya ƙarya. Da wannan kaɗai nake tare ta shekara guda. Yanzu da me zan tare ta?"

Bas ya taho, yana huci.

"In na faɗa musu, na zama wadda ta tona ka. In na yi shiru, Baba yana ganin ka guje shi. Ka ga inda ka ajiye ni?" Ta sa ƙafa ɗaya a matakala. "Inna ta ce wa mutanen Haisam su zo ran Asabar. Ni ban ce komai ba tukuna."

Ƙofa ta rufe.

Ranar ban je kasuwa ba. Na yi ta zagaya unguwa har ƙafata ta mutu. Na shiga wani shago na sayi batir biyu, don na tuna na rimot ɗin sun yi sanyi tun makon jiya. Bayan la'asar na hau hawa na biyar da ƙafa, ban jira lif ba, don kada in samu lokacin fasawa.

Ina isa bakin ƙofa na ji ta. Ƙarrr! Da ihun jama'a.

Inna ce ta buɗe. Na shirya wa ɗaurarriyar fuska, sai na ga ta washe.

"Shitu! Shigo, shigo ɗana. Ashe kuskuren kamfani na! Da azahar ta dawo da kanta. Kai kuma ka kashe waya ka bar mu cikin zullumi. Ka yahe min kayan da na maido, zuciya ta." Ta ja hannun jaket ɗina. "Na tambayi Firdaoussi yadda anka yi, ta ce in bari ka zo, kai za ka hwaɗi."

Firdaoussi na tsaye a ƙofar kicin, ba ta ko cire kayan aiki ba. Na kalli kusurwar allon. Ɗan rubutun nan babu shi. Ita ta kira su, ita ta biya. Ta harɗe hannuwa tana kallona, fuskarta ba ta ce komai ba.

Baba Harouna ya ɗago hannunsa na hagu, fuskarsa rabi tana dariya rabi a tsaye.

"Ɗana... ya... maido."

'Yan uwa, ƙofa a buɗe take. Ba sai na ce komai ba. In sake kallon kafet kawai, Asabar ta rushe, a ja min kujera.

Na durƙusa a gabansa. Wuyana ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu, amma na riƙe shi a tsaye.

"Baba, ba ni na maido ba. Firdaoussi ce ta biya yau. Na farkon ma ba ni ba ne. Kamfanin ne ya buɗe wa kowa kyauta na kwana huɗu, ni gyaran waya kawai na yi. Na gani a rubuce, na sani tun ranar. Inna ta tambaye ni, na yi shiru don ina so ku so ni. Ba ku yi min komai ba, Baba. Ban janye ba. Ban taɓa kawo komai ba ne balle in janye."

A talabijin wani ya faɗi, alƙali yana ƙirga masa.

"Na kira Tawa," Inna ta ce, kamar da kanta take. "Na kira Yamai. Na hwaɗa ma matan Harlem duka." Ta zauna a hannun kujera, ta dafe goshi. "Da bakina."

Baba Harouna ya daɗe yana kallona. Leɓensa ya motsa, ya motsa, kalmar ta ƙi fitowa, ko kuma shi ya hana ta. Hannun da ya ɗago ya sauka a hankali kan bargo. Ya mayar da fuskarsa ga allon.

"Tashi, Shitu," Inna ta ce, ba faɗa a muryarta. "Tahi. In ana nemanka a aiko."

Na tashi. Na kalli ƙofar kicin. Firdaoussi ta sauke hannuwanta, tana share ido da bayan yatsa, amma ba ta kau da kai ba. Ban san me kallon yake nufi ba, har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba.

Na kai bakin ƙofa ke nan na ji ƙwas a ƙasa. Ƙaramin rimot na kamfani ne, mai maɓallai kamar ƙwayar gero, ya suɓuce daga hannun Baba yana neman ƙara murya. Ya miƙa yatsu, bai kai ba.

Na koma. Na ciro babban daga aljihun jaket, na buɗe bayansa, na zuba sababbin batir, na gwada shi sau ɗaya. Na ɗaga hannunsa na hagu na sa masa a tafi, na ɗora babban yatsansa a kan jan ɗigo na tsakiya, na murya. Na gyara bargon da ya zame daga gwiwarsa.

Bai dube ni ba. Yatsunsa dai sun rufe a kai.

Na ja musu ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara. Ina sauka hawa na huɗu na ji muryar talabijin ta ƙaru kaɗan, ta sake ƙaruwa.

Asabar saura kwana huɗu.